Neman shawara: in sayar da A7 III ɗina in hau A7 IV, ko in haƙura?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'a. Akwai abin da ya hana ni sukuni, ina roƙon manyanmu su sa mini baki.

Shekara huɗu ke nan ina ɗaukar hoton biki a nan Kano da kyamarar Sony A7 III. Ta hannu na saye ta, da ita na yi aure, da ita nake ciyar da gida, ba ta taɓa ba ni kunya da rana ba. Ɗaurin aure a masallaci, kamu a tsakar gida, duk lafiya lau. Matsalar tana farawa ne idan an shiga ɗakin dina da daddare, an kashe farin wuta an kunna masu launi. Fuska sai ta yi duhu da yashi-yashi, in amarya na shigowa da ƙawayenta rabin hotunan sai su fito a dagule. Watan jiya uwar wata amarya ta kira ni, ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi hoton 'yarta bai yi kama da ita ba. Wallahi maganar nan har yau tana cina.

Gilashin (lens) da ke kanta shi ne wanda ta zo da shi, 28-70mm f/3.5-5.6, sai wani ƙaramin filash. Na kwashi adashe, kuma wani mai sayar da kaya ya ce A7 IV, samfurin da ya biyo bayan tawa, za ta share mini hawaye. In na sayar da tawa na haɗa da kuɗin adashen, bodi kaɗai zan samu, wato kyamarar ba gilashi, ba abin da zai rage. Ga shi yanzu kowace amarya tana son ɗan gajeren bidiyon da za ta ɗora a Instagram. Me kuke gani?

Wani dattijo mai shagon hoto a Zariya:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, tun zamanin da ake wanke fim nake cikin sana'ar nan, kuma abin da ka zayyana ba ciwon bodi ba ne, ciwon haske ne. Gilashinka in ka ja shi zuwa 70mm, ƙofar da haske ke shiga tana tsukewa zuwa f/5.6 (in lambar f ta ƙaru, ƙofar na ƙara tsukewa). A ɗakin dina kamar ka leƙa rijiya ne ta ramin allura. Dole kyamara ta ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haskenta, ta kuma rage saurin shota, wato labulen da ke buɗewa ya rufe in an ɗauki hoto, daga nan yashin da dagulewar suke fitowa. Ka ɗora wannan gilashin a kan A7 IV, irin hoton nan dai za ka kai wa uwar amarya, sai dai ya fi girma.

Ga lissafin. Gilashi mai f/2.8 yana shigar da haske ninki huɗu na mai f/5.6. Inda kake fama da ISO 6400, sai ka sauko 1600. In kuwa 85mm f/1.8 ka ɗaura, hasken ya kusa ninki goma. Tamron 28-75mm f/2.8 shi ne dokin aikin masu biki da yawa a kan Sony, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar kuɗin sabon bodi ba.

Batun cewa A7 IV na da megafiksel 33, taka kuma 24, wato yawan ɗigon da ke haɗa hoto, kada ya ruɗe ka. Hoton kyamararka 6000 ne a 4000, yana buga faɗin inci 20 tsaf ba tare da ya fashe ba. Wane albam kake bugawa da ya wuce haka? Galibin aikinmu ma a WhatsApp yake ƙarewa, a matse shi a tura wa dangi.

Mai ɗaukar bidiyo a Kaduna:

Baba ya yi gaskiya a ɓangaren hoto, ba ni da ja. Amma tunda ka ambaci bidiyo, bari in faɗi nawa, don na yi aiki da duka biyun. A7 III ta 2018 ce, A7 IV ta ƙarshen 2021, kuma a bidiyo ne tazarar take. Tsohuwar tana yanke ɗauka kafin minti 30 ya cika, ka tuna wa'azin walima ko jawabin iyaye. Sabuwar ba ta da wannan iyaka. Tsohuwar 8-bit take ɗauka, wato launukan da take adanawa ba su kai na sabuwar yawa ba, in ka zo gyaran launin fatar da jar wuta ta ɓata sai hoton ya kakkarye. Sabuwar 10-bit ce, tana jure gyara. Tana kuma ba da 4K a 50p, wato hoto 50 a daƙiƙa, don rage gudun bidiyon shigowar amarya, duk da cewa tana yanke gefen hoton a wannan yanayin, 28mm ɗinka ya koma kamar 42mm. Allonta yana juyowa gefe da gaba, fokas ɗinta yana bin ido har a cikin bidiyo.

Sai dai abin da mai shago ba zai faɗa maka ba: bodin ba ya zuwa shi kaɗai. Za ka nemi katin memori mai sauri, kuma in kwamfutarka tsohuwa ce, fayil ɗin 10-bit zai sa ta riƙa sarƙewa. Ni sai da na canza tawa. Abin sa'ar shi ne, batir ɗinsu iri ɗaya ne, NP-FZ100. In bidiyo ne rabin abincinka, ka saya. In ɗan minti ɗaya ne na Instagram, 4K ɗin da ke hannunka ya isa.

Wata mai ɗaukar bikin mata a Sakkwato:

Yayana, ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne ka ce za ka sayar da ita. Don Allah kada ka yi. Na taɓa zuwa kamu da kyamara ɗaya tal, wani yaro ya yi tuntuɓe da ƙafar da na ɗora ta a kai, ta faɗo kan siminti ana tsaka da fesa wa amarya turare. Da wayata na ƙarasa, ina ɗauka ina hawaye. Kamu ba a maimaita shi. Tun ranar na yi wa kaina alkawari, duk lokacin da zan sayi sabuwa, tsohuwar za ta zauna a jaka.

Yanzu A7 IV nake riƙewa, kuma ina jin daɗinta, musamman yadda take kama ido in amarya ta sunkuyar da kai cikin mayafi. Tana da saitin da ke rufe shota in ka kashe ta, yana rage ƙurar da ke hawa sensa, wato idon kyamara na ciki, in kana canza gilashi a lokacin hunturu. Amma sai da na tara gilasai biyu masu kyau da fitila kafin na saye ta.

Kafin ka kashe ko sisi, duba abu biyu. In kana amfani da shota marar ƙara a ƙarƙashin fitilun LED, kashe ta, ita ke jawo ratsi-ratsin nan a hoto. Wutarmu kuma 50Hz ce, don haka a bidiyo ka bar kyamara a PAL, tsarin bidiyon da ya dace da ita, shota a 1/50 ko 1/100. Sannan ka cire filash daga kan kyamara, ka ba yaronka ya riƙe a gefe cikin laima. Filash ɗin Godox AD200 ɗaya ya canza mini aiki fiye da yadda bodi ya yi.

Mai gyaran kyamara a Kano:

Malam, ko me ka yanke, ka fara duba adadin bugun shotarka, wato yawan hotunan da ta taɓa ɗauka. Ta hannu ce, ka ƙara mata shekara huɗu na biki. In ta yi nisa sosai, ka ware kuɗin gyara a gefe. In kuma gilashi na hannu za ka saya, haska shi da tocilar waya ta baya ka duba fumfuna da ƙura, ka gwada fokas a nesa da kusa kafin ka biya.

Mai neman shawara:

Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Ban amsa da wuri ba don na so in gwada da hannuna. Na ari Tamron ɗin wani abokina na je da shi dina ranar Asabar, na kashe shota marar ƙara kamar yadda Hajiya ta ce, ƙanena ya riƙe mini filash a gefe. Da na buɗe hotunan a kwamfuta na daɗe ina kallon fuskar amaryar, har zanen lallen hannunta ana iya bi da ido. Baba, ISO bai wuce 2000 ba duk daren.

Na fasa sayar da ita. Kuɗin adashen zai tafi kan gilashi da fitila, ragowar na ajiye wa gyara. Oga na Kaduna, maganarka ma na riƙe ta, don bidiyon da na ɗauka a ƙarƙashin jar wuta ya ƙi gyaruwa yadda nake so. In aikin bidiyo ya ci gaba da shigowa zuwa bayan Babbar Sallah, zan shiga wani adashen don A7 IV, wannan ta koma ta biyu. Malam mai gyara, gobe bayan Azahar zan kawo maka ita ka duba mini shotar, in sha Allahu.