Jarrabawar kwaman da rigimar "marasa tarbiyya" a zauren 'yan garinmu

Malamin aji shida: Salamu alaikum. Wallahi na gaji. Jarrabawar kwaman, wato ta shiga sakandare, ta ƙarato, daga hedimasta har ofishin ilimi na ƙaramar hukuma kowa sakamako yake jira. Da waɗanne yaran? Ranar Juma'a ajina watsewa yake, ana kasuwar Wudil, 'yan mata da farantin talla, maza na kora awaki. Damina ta sauka, sai gona. Waɗanda suka zo kuwa, kana juyawa wajen allo sun kaure da dambe. Takarda da Turanci take zuwa, yaron da bai iya haɗa baƙi ba sai canki-canka tsakanin A da D. Yara marasa tarbiyya, amma ni za a tuhuma.

Wani uba: Malam, janye maganar nan. Su wa ye marasa tarbiyya? Ɗana da asuba yana gaban alaramma da allonsa, ko ɗaga ido ba ya yi. A wajenku yake dambe.

Malamin aji shida: Alhaji, ban kama sunan kowa ba.

Wani uba: Ka ce yara. Nawa ba yaro ba ne?

Wata uwa: Tallan da kuke zagi, da shi nake saya mata littafi da fensir. Uwar da ta tashi tun duhu ta soya ƙosai ita ce ba ta ba da tarbiyya?

Tsohon hedimasta: Malama, ki yi haƙuri. Bulala ce aka raina. Alaramma yana riƙe da dorina, mu kuwa ka taɓa yaro uban ya zo har aji.

Ɗalibin kwalejin ilimi: Ranka ya daɗe, yaro na zaune a ƙasa, ciki ba komai, ajin cunkushe. Dorina za ta koya masa karatu?

Tsohon hedimasta: Ɗana, yaushe ka taɓa riƙe alli?

Mai shago: Ai Ganduje ya mai da ilimi kyauta kuma dole tun 2019.

Direba: Kyautar da ba benci? Da an gyara, Abba zai sa dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024?

Mai shago: To jar hula, benci nawa ya iso garin nan?

Malamin aji shida: Jama'a, ni maganar jarrabawa na kawo.

Shugaban zaure: Ya isa haka. Na karanta komai. Abin da na fahimta, an zagi iyaye kuma malam bai janye ba. Mu da muka haifi yaran nan mun san abin da muka koya musu. Malam ya nemi afuwar Alhaji kafin magariba. Zancen jarrabawa a kai shi taron iyaye da malamai. Wanda ya sake kawo siyasa zan cire shi.