Muhawara: Shin share faifai kafin ɗaga Ubuntu ɓata lokaci ne?

Mai kula da sabar ofis: Assalamu alaikum. Tallafin yau da kullum na Ubuntu 20.04, tsarin aikin da sabarmu take kai, ya ƙare a watan Mayun 2025, don haka muna shirin ɗaga sabarmu zuwa 22.04, tunda manhajar ɗagawa, do-release-upgrade, ba ta tsallakawa kai tsaye zuwa 24.04. Da na fara aikin, sai manhajar ta tsaya ta ce babu isasshen wuri a faifai. Ni dai a ganina, bin fayiloli ana gogewa ɓata lokaci ne kuma kasada ce. A ƙara girman faifan kawai a ci gaba.

Babban injiniya: Wa'alaikumus salam. Malam, kafin mu yarda da wannan hukunci, wane ɓangare ne ta ce ya cika? Saƙon yakan faɗi wurin da kuma adadin da ake buƙata. Idan /boot ne, wato wurin fayilolin da na'ura take tashi da su, kuma yana zaman kansa a ɓangare dabam, to ko gigabait 100 ka ƙara wa babban ɓangaren, ba abin da zai canza a can, domin abin da yake cika /boot shi ne tsofaffin kanel, wato jigon tsarin aiki, da suka taru tun daga sabuntawar baya. Ka duba wanda kake kai da uname -r, sannan ka bar apt autoremove --purge ya kwashe waɗanda ba a buƙata.

Mai kula da sabar ofis: Duka biyun ta ambata, Yallaɓai, /boot da kuma babban ɓangaren.

Mai kula da rumbun bayanai: Ni ina tare da Malam a batun kasada, kuma ba na so a wuce shi da sauri. Wanda aka ce ya samar da wuri cikin gaggawa yakan nemi fayiloli mafi girma, kuma a saba irin wannan, mafi girman sau da yawa suna cikin /var/lib ne, inda rumbun bayanai yake. Wanda ya goge abin da ke cikin pg_wal, jakar da rumbun PostgreSQL yake rubuta canje-canjensa, da hannu zai iya wayar gari rumbun ya ƙi tashi. Haka nan fayilolin binlog, masu irin wannan aiki a rumbun MySQL, suna da umarninsu, wato PURGE BINARY LOGS, ba a taɓa su da rm, umarnin goge fayil. Sunansu yana sa mutum ya ɗauka rubutun tarihi ne kawai, alhali da su ake farfaɗo da bayanai idan wani abu ya lalace.

Babban injiniya: Gaskiya ne, Malama, amma wannan hujja ce ta a san abin da ake gogewa, ba ta a bar shara ta taru ba. Akwai abubuwan da ba su da haɗari: apt clean yana kwashe fayilolin girka manhajoji da aka sauke aka ajiye, daga /var/cache/apt/archives, shi kuwa journalctl --vacuum-time yana rage tsohon tarihin ayyukan saba ta hanyar da tsarin ya tanada. Abu ɗaya ne yake rikita mutane, shi ne a goge babban fayil amma df -h, mai nuna sauran wuri a faifai, ya nuna wurin bai dawo ba, saboda wata manhaja tana riƙe da fayil ɗin a buɗe. Umarnin lsof +L1 zai nuna ta, kuma sai an sake kunna ta wurin yake dawowa.

Mai kula da rumbun bayanai: Na yarda da waɗannan, da sharaɗin a fara ɗaukar kwafin ajiya zuwa wata na'ura dabam, a kuma gwada cewa yana buɗuwa. Sabar a ofis take, kuma idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar ɗagawa, yawan wurin da aka samar ba zai ceci komai ba.

Mai kula da sabar ofis: Na karɓi maganar /boot da ta kwafin ajiya. Amma babban ɓangaren yana kan LVM, tsarin da yake ba da damar faɗaɗa ɓangarorin faifai, kuma akwai wurin da ba a raba ba tukuna, don haka zan faɗaɗa shi da lvextend, ba zan taɓa /var/lib ba.

Babban injiniya: Ka faɗaɗa, Malam, amma ka fara auna girman /var da umarnin du tukuna. Idan akwai manhajar da take cika faifan ba tsayawa, sabon wurin ma za ta cinye shi bayan an koma 22.04.