Wa ke shafa wa wani hauka, dila ko kare?

Baba Mafarauci: Ni maganata ɗaya ce, haukan kare daga daji yake fitowa. Karenka na lafiya, ya yi faɗa da dila, bayan 'yan makonni yawu na dalala, ko kai mai shi bai sani ba. A rage dila kawai a huta.

Likitan Dabbobi: Baba, Allah ya ƙara girma, amma a yawancin Afirka karen gida ne matattarar cutar. A tsaunukan Bale na Habasha akwai wani jan kyarkeci da babu irinsa a wajen ƙasar, duka-duka ba su wuce 500 ba. Karnukan makiyaya ne suka kai musu cutar, a 1991 da 2003 ta yi musu mummunar ɓarna.

Baba Mafarauci: To ɗana, shi karen makiyayin a ina ya samo?

Likitan Dabbobi: Wajen wani karen. Karnuka suna da yawa, kullum suna cuɗanya, shi ya sa cutar ba ta yankewa a cikinsu. Binciken da aka yi a Serengeti ta Tanzaniya ma abin da ya nuna ke nan.

Malamin Makaranta: Likita, kada ka kayar da Baba gaba ɗaya. A Turai yanyawa ce ta riƙe cutar, sai da aka riƙa watsa mata rigakafi cikin abinci a daji, Suwizalan ta fara a 1978. A kudancin Afirka ma dila kan riƙe ta da kansa.

Likitan Dabbobi: Haka ne, Malam. Sai dai ka lura, rigakafin ne ya yi aiki can, harbi da guba sun gaza. Kuma mutum kusan 59,000 da ke mutuwa duk shekara, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 99 cikin 100 daga kare suke kamuwa. In aka yi wa kashi 70 na karnukan gari allura, cutar takan yanke.

Inna Mai Koko: Ni dai jikana ne damuwata. In kare ya ciji yaro fa?

Likitan Dabbobi: Inna, a wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15, a kai shi asibiti ranar. In alamu suka bayyana, da wuya a tsira.

Baba Mafarauci: Ban dai wanke dila ba. Amma karnukan farautata, nawa ne kuɗin allurar?