Bakin Baba ya karkace ya dawo daidai, wai dole sai mun ga babban likita yau?

Maman Hanif: Assalamu alaikum jama'a, dan Allah ina neman shawara. Jiya muna zaune da Baba kawai sai magana ta sarƙe masa, baki ya karkace, kofi ya suɓuce daga hannunsa na dama, ko minti goma ba a yi ba ya ware kamar ba shi ba. Likitan da muka gani ya ba shi asfirin ya rubuto takarda wai lallai yau mu ga likitan ƙwaƙwalwa, shi kuma Baba ya ce gajiya ce ba inda za shi. Shekarunsa 67, yana da hawan jini. Tunda ya warke gaggawar ta mece ce?

Nas Balaraba: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa ki lallaɓa shi ku tafi yau ɗin nan. Abin da likitoci ke kira TIA ke nan, gudan jini ne ya toshe wata jijiyar ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci sannan ya wuce, gargaɗi ne na shanyewar ɓarin jiki, kuma haɗarin ya fi yawa a kwana biyun farko, shi ya sa ake so ƙwararre ya gan shi cikin awa 24. Za su duba ko sai an yi hoton ƙwaƙwalwa, su yi sikanin ɗin jijiyoyin wuya ko sun tsuke, da gwajin bugun zuciya na ECG saboda akwai bugun zuciyar da ba ya tafiya daidai, shi ma yana haifar da gudajin jini kuma maganinsa daban ne. Sai suga da kolestarol.

Abu Sadiq: Mu dai namu jinkiri muka yi, kawuna ya ce zai je bayan sati, kwana uku tsakani abin ya dawo bai sake shi ba har yau. Allah ya ba Baba lafiya.

Nas Balaraba: Amin. Na manta, asfirin ɗin yawanci 300mg ake fara bayarwa amma kar kowa ya gani a nan ya sha da kansa, mai olsa ko mai shan maganin tsinka jini irin su wafarin sai likita ya duba. Kar Baba ya tuƙa mota sai an ba shi izini, in kuma alamar ta dawo ko cikin dare ne ku wuce imajensi, ba jiran takarda.

Maman Hanif: Na gode Anti. Na kira Yaya, maganarsa kaɗai Baba ke ji, ga Baban can yana neman hularsa.