Tsakanin Heihachi da Kazuya, wa ya fi ƙarfi a labarin wasan bidiyo na Tekken?

Ɗanbirni:
Assalamu alaikum. Jiya muka yi musu da ƙanena har muka ajiye wasan ba mu ƙarasa ba. Shi yana cewa Kazuya ya fi mahaifinsa Heihachi tunda ya kashe shi a ƙarshen Tekken 7, ni kuwa ina ganin ba don jinin aljanin da ya gada ba, da ba zai kai labari ba. Mene ne ra'ayinku?

Sadauki:
Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Labarin kansa bai tsaya wuri ɗaya ba. A Tekken na farko, wanda ya fito a 1994, Kazuya ne ya yi nasara, ya jefo uban daga kan dutse kamar yadda aka yi masa yana yaro. A na biyu Heihachi ya rama, ya jefa shi cikin dutse mai aman wuta. Batun jinin kuwa, ai ta wajen mahaifiyarsa Kazumi Kazuya ya same shi, saboda haka ba a raba shi da ƙarfinsa.

Gwanin Maɓalli:
Malam Ɗanbirni, a bambanta ƙarfin labari da ƙarfin gasa. Heihachi ne ya kashe Kazumi a labari, amma da ita Arslan Ash na Pakistan ya yi fice lokacin da ya lashe EVO, babbar gasar wasannin bidiyo na faɗa, a 2019.

Ɗanbirni:
Na karɓi wannan. Sai dai kashewar ma ba ta tabbata ba, tunda an dawo da tsohon da ransa a Tekken 8.