Kujerar katakon jirgin Nelson, in saya ko in bari?

Abban Sadik: Salamu alaikum. Wani mai sayar da kayan da a garin Preston na Ingila ya yi min tayin kujera fam 900, wai daga katakon Foudroyant aka yi ta, jirgin yaƙin Nelson, shahararren kwamandan sojan ruwan Birtaniya na da, wanda guguwa ta jefo gaɓar tekun Blackpool a 1897. Akwai ɗan allon tagulla a bayanta, amma ba takarda. Surukina nake son kai wa. Wa ya taɓa saye?

Bakatsine: Wa alaikumus salam. Je Portsmouth, wurin da Victory, wani jirgin yaƙin Nelson, yake. Guntun katakonsa da takardar shaida na samu, bai kai fam 40 ba.

Abban Sadik: Yaya, kujera nake magana, ba guntu ba.

Maman Ilham: Ƙanena, allon nan kada ya ruɗe ka. Ni 'yar ganga na saya, an rubuta Iron Duke, Jutland 1916 (sunan wani jirgin yaƙi da yaƙin tekun da ya halarta), fam 120. Da na kai wa mai kimanta kayan tarihi, juya ta kawai ya yi, ya nuna min ramukan ƙusa biyu da aka cike da kaki a jikin allon. Daga wani abu aka ciro shi aka manna. Na koma, mutumin ya ce shi ma haka ya saya. Har yau tana kan firij, ashana nake zubawa.

Bakatsine: Hajiya, ai ko ta gaske fam 30 ce.

Maman Ilham: Kai da ka sayi tsinken sakace kake koya min farashi?

Malam Tukur: Kujerun gaske ne. Kamfanin Goodall, Lamb & Heighway na Manchester ya yi kayan ɗaki da katakon jirgin. Nemi tambarinsu a ƙarƙashi. Na ga an bugar da ɗaya a gwanjo ƙasa da 900.

Ɗan Fagge: In duk abin da ake cewa na Foudroyant ne gaskiya ne, jirgin ya fi Kurmi girma. Sayi ta roba, ka ce wa Baba ta Nelson ce.

Maman Ilham: Ko ta gaske ce, wa zai kai ta Kano? Mai jigilata ya riƙe min akwati wata biyar, ya iso a jiƙe.

Bakatsine: Nawa yake karɓa kilo yanzu? Mai jigilata ya sake ƙara kuɗi.

Abban Sadik: Malam, tambarin a ina daidai?