Mutum-mutumin Maryamu a titunan Ayilan: a kwashe ko a bari?

Baban Ummi: Salamu alaikum jama'a. Jiya na ɗauki wani fasinja ɗan ƙasa a Dablin, muka wuce wani ɗan kogon dutse a bakin layi da mutum-mutumin Maryamu a ciki, sai ya ce da za a bi ta tasa a kwashe su duka a kai harabar coci, wai titi na kowa ne. Ni dai na ga yana da gaskiya. Ƙidayar 2022 kashi 69 cikin ɗari ne suka ce su Katolika ne, alhali a 2016 kashi 79 ne, masu abin da kansu suna ja da baya, to wa ake ajiye wa gumakan nan?

Maman Joy: Haba Malam, don Allah ka daina cewa gumaka, kalmar tana mana zafi. Ba bauta masa muke ba, girmama uwar Yesu muke yi. Kuma yawancinsu ba gwamnati ta kafa ba, a 1954 ne Fafaroma Pius na 12 ya keɓe shekarar don Maryamu, unguwa-unguwa aka yi karo-karo, magina da leburori suka riƙa aikin kyauta bayan an tashi aiki, har 'yan matan da aka haifa a shekarar da yawa Marian aka raɗa musu. Na unguwarmu a Cork akwai wata tsohuwa duk Asabar sai ta zo da bokiti da soso ta wanke shi tas, ta zubar da busassun furanni ta sa sabbi, babanta na cikin waɗanda suka ɗauko duwatsun. Ita za ka je ka ce wa a kwashe?

Baban Ummi: Ki yi haƙuri Maman Joy, na janye kalmar. Amma maganar titi tana nan.

Ɗalibi: Anti ki duba ɗaya ɓangaren ma. Akwai matan da aka tsare a gidajen wankin Magdalene ƙarƙashin sistoci suna aiki ba albashi, na ƙarshe sai 1996 aka rufe shi. Ga garin Tuam, yara 796 suka mutu a gidan da sistoci ke ajiye matan da suka haihu ba aure, ba takardar inda aka binne su. Wadda ta fito daga irin wurin nan kullum ta buɗe ƙofa ta ga abin a gabanta, ya kike ganin zuciyarta?

Maman Joy: Wallahi ƙanena abin nan yana ci min rai, ba zan kare shi ba ko kaɗan. Amma manyan coci da hukuma ne suka yi wannan zaluncin, talakan da ya ba da kwabonsa aka gina kogo fa?

Kawu: Ku tuna ƙauyen Ballinspittle a 1985, da aka ce mutum-mutumin Maryamu na can yana motsi dubban mutane suka yi ta tururuwa, daga baya wasu mutum uku suka far masa da guduma da gatari suna cewa bautar gumaka ce. Gyara shi aka yi aka mayar, yana nan har yau. Mu baƙi ne a nan, mu da muke neman a bar mu mu buɗe masallaci bai kamata a ji bakinmu a maganar rushe na wasu ba.

Baban Ummi: Kawu ban ce a rushe ba, a matsar na ce. To na ji, tsofaffin a bar wa unguwa ta yanke, amma sabo a filin hukuma ban yarda ba.

Maman Joy: Sabo kam wa ke ginawa yanzu, masu wanke na dā ma ƙarewa suke yi. Tsohuwar nan sati biyu ke nan ban gan ta ba, ni na canza furannin ranar Asabar.